Shekarar Kulle Tana Cikin Wayoyinku

Ƙannena da 'ya'yana na Mai Wurno, da na hayin Shehu Talha, da na ƙauyukanmu na Jazira har zuwa Damazin, ku matso in ba ku labarin wani hoto da na so in hana a ɗauka.

Azumin shekarar 2020 ne. An rufe jami'o'i, ɗan yayata ya samu ya tsallako gida daga Hartum kafin a tsayar da motocin haya tsakanin wilayoyi. Yaro ne da ba ya iya zama wuri ɗaya, ga shi an ce kowa ya zauna. Sai ya mai da waya abokiyar hirarsa. Ya ɗauki randa, ya ɗauki akuya, ya ɗauki inuwar darbejiya a jikin katanga. Wata rana bayan la'asar na iske shi tsugune a bakin madafa, ya saita waya kan Inna tana yin kisra. Raina ya ɓaci. Na ce masa, "Kai, ba ka da ta ido ne? Tsohuwa na fama da hayaƙi da ƙishirwa, kai kana wasa. Wa zai kalli hoton kisra?" Inna ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Ƙyale shi, Malam. Mun yi da shi hannu zai ɗauka, ban da fuska."

Inna ta rasu bayan shekara biyu, Allah Ya jiƙanta da rahama. Hoton yana gabana yanzu da nake rubutun nan. Hannun dama ne, riƙe da gargariba, ɗan zankon kaba ɗin nan da ake shimfiɗa ƙullu da shi, tana tsakiyar jan ƙullun a kan doka. Lallen yatsunta ya koɗe, ya rage rabin farce. Ga zoben azurfar da ya lotse ta gefe ɗaya, wanda tun ina yaro nake ganinsa ban taɓa tambayar inda ya fito ba. A can baya, inda hoton ya ɗan dushe, akwai jarka ruwan ɗorawa, da rediyo a kan kujera 'yar tsugunno, da takunkumin fuska na ƙyalle rataye a ƙusa, sabo fil. Wata jikarta ce ta ɗinka mata, Inna ta karɓa ta sa albarka, ta rataye shi nan, bai taɓa hawa fuskarta ba. Duk abin da zan gaya wa jikokina game da yadda korona ta shigo gidanmu, wannan ƙusar ta riga ni faɗa. Ni kuwa da na ce wa zai kalla, babu makon da ba na kallonsa.

Waɗanda ke ƙanana a lokacin, bari in tuna muku yadda abin ya zo. Ranar 13 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko da cutar ta kama a Sudan, kuma kafin sanarwar ma ya riga ya rasu a Hartum. Bayan kwana uku aka kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya, aka rufe filayen jirgin sama da kan iyakoki. Sai dokar hana fitar dare, wadda yaro da babba ke kira hazar, sai kuma aka garƙame Hartum daga 18 ga Afrilu. Tsakani da Allah, kullen ƙauye bai kai na birni ba. Mai hawasha bai fasa zuwa gona ba, masunci bai fasa jefa taru a bahar ba. Amma mai agashe, wanda kasuwarsa ba ta ci sai duhu ya shiga, ya ji a jikinsa. Direba ya ji. Mai ayaba a bakin kogi da ya saba lodi zuwa Hartum ya ji. Layin burodi da na fetur kuwa dama suna nan tun kafin annoba, sai suka ƙara tsawo. Ba a gama da wannan ba, damina ta zo da ambaliyar da ta wuce ta 1946 da ta 1988, har aka kafa wata dokar ta-ɓacin ta wata uku a farkon Satumba. A ƙarshen Nuwamba cutar ta ɗauki Imam Sadiƙul Mahdi, masu cewa korona ƙaryar gwamnati ce suka ɗan yi shiru.

Wannan duka yana rubuce a jaridu, ba zai ɓace ba. Abin da ba a rubuta ba shi ne yadda tiren mai agashe ya kwana a kife a zaure. Wannan sai ku, don a hannunku wayoyin suke.

Dalilin da ya sa abin ya dame ni har nake tsawaita magana, ku dubi asalinmu. Mu mutanen tafiya ne. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka yi karon ƙarshe a Burmi, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan jama'arsa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar, Fulani da Hausawa, suka yi gabas ta ƙasar Cadi, har suka iso Bahar Azrak wajen 1906. Suka fara sauka a Shehu Talha, sannan aka kafa garin nan, Mai Wurno, da ke ɗauke da sunan Muhammadu Bello. Ban taɓa ganin hoto ko ɗaya na wannan tafiya ba: yadda suka ɗaura kaya, irin takalmin da ke ƙafarsu, yadda mata suka yi girki a hanya. Hoton da marubuta tarihi suka ambata na wancan lokaci na abokan gaba ne. Sun kawo cewa Turawa sun ɗauki hoton gawar Sarkin Musulmi, suka zaga da shi ƙasar Hausa don a tabbata ya mutu, kowa ya saduda. Ke nan a wannan haɗuwar ta kakanninmu da kyamara, makami ce a hannun wani. In ka ga tsoho ya kau da kai don an ɗaga waya, kada ka yi saurin ce masa baƙauye.

Bayan haka ma sai aka ci gaba da kallonmu daga waje. An gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin audugar Jazira, iyayenmu suka cika kanabi, wato zangon 'yan ƙwadago, suna tsinkar auduga. Hotunan da suka rage na wannan zamani galibi na injiniyoyi ne da ginin madatsa da tulin auduga, mutanenmu kuwa sai dai a hango su a gefe, babu suna. Bature Mark Duffield ya zauna a garin nan, ya fitar da littafi mai sunan garin a 1981. Bawa Yamba ya rubuta nasa a 1995 a kan mutanenmu da suka shekara aru-aru a Sudan suna ce wa kansu matafiya Makka. Ban raina aikinsu ba, na ma ƙaru da shi. Amma baƙo, kome kaifin idonsa, iyakarsa zaure.

Ga wani abin da na lura da shi, ya ba ni dariya ya kuma ba ni tunani. Kalmar da muka kira dokar nan da ita, wato kulle, tsohuwar kalmar cikin gida ce. Iyayenmu mata sun san kulle tun kafin a haifi likitan da ya gano korona. Shekarar 2020 ce ta ɗanɗana wa maza abin, suka yi ta tsaki suna safa da marwa tsakanin ɗaki da zaure, mata na kallonsu suna murmushi. To, 'yan matanmu, ku ne masu mabuɗin wurin da babu mai ɗaukar hoto na duniya da zai taɓa shiga. Ku kuka ga ana ɗamar hilu-mur kafin azumi, ku kuka ga ana daka furar da Larabawa ke sayenta da sunan godo-godo. Ku kuka ga Baba, wanda bai taɓa sanin inda ake ajiye ludayi ba, zaune a kan angarib yana tsince wake don zaman ya ishe shi. Ku kuka ga bikin da aka yi da mutum goma sha, amarya na kuka ba don rabuwa da gida ba, don ƙawayenta na Madani sun kasa zuwa. Wadda ta ɗauki irin wannan ta riƙe abin da ya fi zinariyar lefenta daɗewa. Amma ta sani, hoton cikin gida na cikin gida ne.

A nan zan ɗan tsaya, don nan ne samari suka fi tuntuɓe. Ɗaukar hoto daban, watsa shi daban, kowanne da izininsa. Inna ta yarda da hannu, ba ta yarda da fuska ba, kuma ko hannun ba ta ce a kai shi Facebook ba. Yaron ya cika alkawari, shi ya sa har yau nake ganin girmansa. A waccan shekarar na ga akasin haka. Wani ya ɗauki ƙofar gidan da ake raɗe-raɗin akwai mai tari a ciki, ya jefa a zauren WhatsApp na unguwa. Kafin magariba an daina sayen abin da matar gidan ke sayarwa, yaransu suka zama abin gudu. Ashe zazzaɓin sauro ne. Wanda ya ɗauka ya goge daga wayarsa, amma magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi magana gudu. Kada ku ɗauki marar lafiya, kada ku ɗauki gawa, kada ku ɗauki mai karɓar sadaka yana miƙa hannu. Mun fito daga zuriyar da aka wulaƙanta gawar shugabanta da hoto, bai kamace mu ba.

Akwai kuma dattawa da malamai da ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini. Malamai sun yi saɓani a kan wannan, ni kuma ba mufti ba ne. Abin da na sani, wanda ya ce a'a, magana ta ƙare, ba a ɗaukarsa a sace. Sau da yawa ma in ka nemi ka ɗauki allonsa, ko tawada da alƙalami, ko takalman da aka jera a ƙofar halwa, wato makarantar allo, zai ce bismilla. Ɗaya daga cikin hotunan yaron nan da na fi so, alluna ne jingine a bango, an sallami masu su, rubutun da ke jiki ya tsaya a tsakiyar aya, ƙura ta hau.

Yanzu in zo kan abin da na gani a wayoyinku, in kun yarda in yi muku tsiya kaɗan. Na roƙi samari da yawa su nuna mini hotunansu na shekarar kulle. Kashi mafi yawa fuskarsu ce: da takunkumi, babu takunkumi, takunkumi a haɓa, da tabarau, an goge fatar har ta zama kamar tangaran. Bayan hoton kuwa an dusar da shi da gangan, ko an share an sa furanni. Haba! Bayan nan da kuke sharewa shi ne tarihin. Nan da shekara arba'in jikanka ba zai damu da yadda ka karkata kai ba. Zai kafa ido ne a kan katangar da ke bayanka, da farashin da aka rubuta da gawayi a ƙofar kanti, da irin rakshar da ke wucewa. Rashid Mahdi, mai ɗakin hoto a Atbara, ya shafe shekaru yana ɗaukar ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa da angwaye. Sana'a yake yi, a biya shi ya ci abinci. Yau masu neman sanin yadda Sudan ta kasance a tsakiyar ƙarnin da ya wuce wurin hotunansa suke komawa.

Na san kowane mai waya yana mafarkin irin hoton da Lana Harun ta ɗauka ranar 8 ga Afrilu 2019, na Ala Salah tsaye a kan mota da farin tob, wanda ya zaga duniya cikin kwana ɗaya. Da waya ta ɗauke shi, gaskiya ne. Amma irin wannan sau ɗaya yake faɗowa mutum, in ma ya faɗo. Mai jiran sa zai tsufa bai ɗauki kome ba, alhali kullum safiya ana kiɗa jabana a ƙofar gidansu.

Dabarun aikin ba su da yawa, kuma ba sa bukatar waya mai tsada. Goge idon kyamarar da gefen riga, don yawancin dushewar da kuke ɗora wa waya maiƙon yatsa ne. Ranar ƙasar nan ta tsaka ba ta da tausayi, tana ƙone farar jallabiya ta mai da fuska baƙin rami, sai a bari sai hantsi ko bayan la'asar. Kada ka jawo abu da yatsa biyu daga nesa, taka ka je. Mai aiki a tsugune, tsuguna ka same shi. Sannan ka daɗe a wurin har a manta da kai, don hoton farko kowa a sandare yake. Dabarar da ta fi burge ni ta wata ɗalibata ce. Ta zaɓi wuri guda, bakin mashayar kogi, kullum in ta je ɗiban ruwa sai ta ɗauka daga kan dutse guda. Hoto ɗaya ba kome ba ne. Amma da ta jera su daga bazara zuwa kaka, sai ga ruwa yana hawa, yana cin gonakin gaɓa, ya haɗiye dutsen da take tsayawa, sannan ya janye ya bar laka. Ba ta san ambaliya na zuwa ba lokacin da ta fara.

Akwai hoton da ban ɗauka ba, yana ci mini rai. A shekarar kulle Saudiyya ta taƙaita aikin Hajji ga 'yan mutane kaɗan mazauna ƙasarta, duniya ta ga filin ɗawafi fayau. Ga mutanen da kakanninsu suka baro gida da niyyar Makka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maƙwabcinmu, dattijo, ya shekara yana tara kuɗi, ya sayar da saniya, ya haɗa akwatinsa. Na shiga gaishe shi na ga akwatin ƙarfen a gindin gado, harami a ninke a sama, da silifas sababbi ɗaure da zare. Waya na aljihuna. Kunya ta hana ni tambaya. Kuɗin kuwa tsadar kaya ta cinye su kafin shekara ta zagayo. Da na tambaya, na tabbata da ya ce ɗauka, ɗana.

Hoto kuma kurma ne in ba a rubuta masa kome ba. Mutanenmu na da can suna sa wa shekaru suna don kada su ɓace: Kanawa na da Kakalaba, mutanen Sudan na da Sanat Sitta, yunwar 1306 ta Hijira. Kai ma sa wa hotonka suna. Wane ne, ina ne, wace rana, me ake yi. Kuma ina roƙonku ku rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, wanda ya fi muku sauƙi, mai Fillanci ya rubuta da Fillanci. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum ya yi littafi sukutum a kan yadda Hausar Sudan ke rikiɗa tana jingina da Larabci, kuma ba sai ka karanta shi ba kafin ka ji haka a bakin ƙannenka. Ɗauki hoton abu, ka kai wa kakarka, ka ce mene ne sunan wannan? Za ka ji faifai, maburgi, muciya, tukunyar da kai halla kawai ka san ta. Danna naɗar murya ta yi bayani da bakinta. Minti biyu ne.

Sai ajiya, wadda a kanta na yi kuka. Hotunan da ke cikin waya kaɗai, ajiya ce a bakin kura. Nawa na shekarar kulle, da na ambaliya, duk sun tafi ranar da wayata ta mutu na kai wa mai gyara ya wanke ta tas bai tambaye ni ba. Wannan ƙaramin rashi ne in an gwada da abin da ya biyo baya. Yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023. Madani ta faɗi a Disambar shekarar, layukan waya suka ɗauke a yawancin ƙasar a Fabrairun 2024, Sinja ta faɗi a ƙarshen Yuni. Kun fi ni sanin abin da aka fara ƙwacewa a shingayen hanya: waya. Wasu da hannunsu suka share kome kafin su isa shinge, don hoto marar laifi na iya zama tuhuma. Gidan tarihin ƙasa da ke Hartum ma an wawashe shi, balle aljihunka. Abin da ya tsira na takardu da hotunan ƙasar nan, da yawa don an riga an kwafe shi ne an ajiye a wani wuri, irin aikin da shirin Sudan Memory ya yi kafin yaƙi. Tun da magana ta zo nan: soja, gada, madatsa, shingen hanya, kada wayarka ta kalle su. Babu hoton da ya kai ranka.

Hoton hannun Inna ya tsira ne don yaron ya tura wa ƙanwata da ke aure a Jidda, kuma ya tura shi a matsayin fayil. Da ta hanyar da kuka saba ya tura, da WhatsApp ya matse shi ya zubar da kwanan watan da ke ɓoye a ciki. Ita ta kai aka wanke shi a takarda, kwafi uku. Haka nake so ku yi. Wanda wayarsa ta 2020 ke nan, ko tsohon katin memori na cikin wata gwangwani, ya zauna daren yau ya zaɓi ashirin. Ba sai ɗari biyar ba. Ya tura wa ɗan'uwa a Bur Sudan ko Kano ko Makka, ya wanke abin da ya samu hali. Wanda nasa suka salwanta ya bi 'yan'uwa da abokai da ya taɓa tura wa, zai sha mamakin abin da ke kwance a wayoyin mutane. Waɗanda suka koma gida kuwa, ku ɗauki abin da kuka tarar kafin a share a yi yaɓe.

Da kwafina ya iso, na juya bayansa zan rubuta bayani, sai na tsaya a kan zoben. Na buga wa yayata, uwar yaron, na tambaye ta. Ta ce ashe ban sani ba? Na kakar Inna ne, da shi ta taso daga ƙasar Sakkwato tana yarinya, kuma lotsewar nan a hanya ya same ta, jaki ne ya taka. Na ce ta maimaita a hankali. Na rubuta da fensir, don biro yana huda takarda: hannun Inna, madafar gidanmu, Mai Wurno, azumin 1441, zoben daga Sakkwato. Wurin ya ƙare kafin in sa labarin jakin, sai na ci gaba a gefe.